Robar da ake rainawa ce ke kashe inji, ita ce kuma ke tayar da gobara

Da safe idan aka janye mota daga inda ta kwana, sau da yawa akan tarar da ɗan baƙin tabo a ƙasa, girmansa bai wuce tafin hannun yaro ba. Mai motar zai kalle shi, ya tura masa ƙasa da ƙafa, ya kama gabansa. Idan an yi masa magana sai ya ce ai tsohon inji dole ya yi gumi. Akwai galan ɗin baƙin mai a but, duk mako ana ƙara kaɗan.

A cikin gida ma haka abin yake. Murfin firizar da uwargida ke sanyaya zoɓo da ƙanƙarar sayarwa ya daina kamawa, sai aka ɗora masa bulo. Kan tukunyar gas yana huci, sai aka cusa leda aka danne. Famfon tsakar gida yana ɗiga, sai aka yanko tsohon tib ɗin babur aka ɗaure shi tamau.

Duk waɗannan ciwo ɗaya ne. Wata 'yar roba da aka sa domin ta tare mai, ko ruwa, ko gas, ko sanyi, ta gaji ta daina aikinta. A kusan kowace na'ura ita ce mafi arha, kuma ita ce aka fi yi wa dabara maimakon a sauya ta. Wannan ɗabi'a ta lallaɓa yoyo tana cin kuɗin da ya ninka na gyara, a wasu wuraren kuma tana cin rai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kayan gyara suka yi tsada, kuɗin wuta ya tashi, babu gidan da ke da rarar da zai riƙa zubarwa a ƙasa ɗigo-ɗigo.

Yadda roba ke aiki da yadda take mutuwa

Ƙarfe biyu, komai santsinsu, ba sa haɗuwa su toshe hanya gaba ɗaya. Akwai ƙananan kafofi a tsakaninsu da ido ba ya gani, amma mai da iska suna ganinsu. Shi ya sa ake sa roba a tsakiya a matse ta. Ita kuma da yake halinta ne ta nemi komawa yadda take, sai ta riƙa tura ɓangarorin biyu, ta cike kowace kafa. Muddin tana da wannan ƙarfin turawa, babu yoyo. Ranar da ta rasa shi, ta baje kamar an bi ta da dutsen guga, ko ta bushe ta tsattsage, to aikinta ya ƙare ko da a ido tana nan yadda take.

Abu huɗu ne suka fi kashe ta, kuma duk ana fama da su a ƙasar Hausa. Na farko zafi. Injiniyoyi kan kimanta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin tsufan roba. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet ɗin motar da ta tsaya cikin cunkoso. Na biyu hasken rana, wanda ke busar da roba har ta yi zane-zane kamar faso. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsakanin leɓen sil da ƙarfen da ke juyawa, ta riƙa gurzar su biyun har ta yi wa ƙarfen kwari. Na huɗu kuma shi ne wanda mutane ke jawowa da hannunsu: haɗa roba da man da ba nata ba.

Baƙar roba ba iri ɗaya ba ce. Akwai nau'in da ake kira naitiril, wanda ke jure baƙin mai, shi ya sa ake yin sil ɗin inji da shi, amma rana na lalata shi, kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 100 zuwa 120. Akwai EPDM, wanda ke jure ruwa da rana da man birki, shi ne a tiyon lagireto da robar ƙofar mota da cikin birki, amma da zarar ya sha fetur ko baƙin mai sai ya kumbura ya yi laushi. Akwai kuma Viton, mai jure zafi har kusan digiri 200, wanda ya fi su tsada. Su ukun za su iya zuwa da girma ɗaya da launi ɗaya. Wanda ya je kasuwa da tsohon zoben roba a hannu yana neman wanda ya yi daidai da shi a ido kawai, rabin tambayar ya yi.

A nan ne wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji ke yin ɓarna: wanke kayan cikin birki da fetur, ko zuba man giya a tankin man birki idan nasa ya yanke a hanya. Motar za ta tashi, birkin zai kama a ranar. Bayan kwanaki robobin za su kumbura, birkin ya riƙe taya ko ya saki gaba ɗaya. Haka kuma man da ake saye ma yana iya zama sanadi. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, sinadarin da aka san yana cin wasu nau'o'in roba da ke hanyar mai.

Kafin a kwance inji, a shimfiɗa kwali

Babban kuskuren da ake yi wajen gyaran yoyo shi ne kwance abu kafin a san daga ina yake fitowa. Binciken farko ba ya buƙatar ko sisi. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, a duba da safe. Wurin da ɗigon ya faɗa da launinsa za su ba da rabin labari. Baƙi ko ruwan ƙasa, baƙin man inji ne. Ja-ja, galibi man giyar otomatik ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda, ruwan lagireto ne. Mai haske kamar man gyaɗa, mai santsi a yatsa, a kusa da taya, wannan man birki ne. Farin ruwa zalla a gefen fasinja bayan an kunna esi kuwa ba matsala ba ce, raɓar na'urar ce.

Mataki na biyu shi ne a wanke wurin, a tuƙa motar kaɗan, sannan a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Mai ƙasa yake gangarawa, iskar tafiya kuma baya take kora shi. Sau da yawa abin da ake ɗauka sil ɗin bayan inji ne, wanda sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, ashe gaskit ɗin murfin saman inji ne ke zubarwa yana gangarowa. Wannan aikin sa'a ɗaya ne, wancan na yini guda. Wanda bai wanke ya duba ba zai biya kuɗin babban aiki, ya dawo gida da yoyonsa.

Akwai alamun da ba sa barin tabo a ƙasa. Shuɗin hayaƙi daga salansa idan an tayar da mota da safe, wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, yakan nuna cewa ƙananan robobin da ke kan bawul sun bushe, mai yana tsiyaya cikin inji cikin dare. Birkin da ke nutsewa a hankali idan an taka an riƙe, alhali ba a ga mai a waje ba, robar cikin masta ce ta saki. Ƙarar ƙas-ƙas idan an karya kwana, robar shaf ce ta yage tun tuni, giris ya fice, yashi ya shiga. Da an sauya robar ranar da ta tsage, da shaf ɗin yana nan lafiya.

Murfin lagireto ma yana cikin waɗanda ake mantawa da su. Robar da ke jikinsa ce ke riƙe matsin da ke sa ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120 maimakon 100. Idan ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana ficewa, mota ta riƙa zafi a hanya, daga nan a fara zargin tof gaskit, ko a cire abin da ke daidaita zafin inji a jefar. Kuma ba a buɗe wannan murfi inji yana da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a kan haka.

Esin mota kuma a rufe yake, ba ya shan gas kamar yadda inji ke shan fetur. Duk wanda ke zuwa ƙarin gas bayan kowane wata biyu ko uku, yoyo yake ciyarwa. Yawanci daga zobban roba ne da ke mahaɗar bututu, kuma wurin yakan nuna kansa da danshin mai da ƙura ta manne masa.

Me ya sa sabon sil ke sake zubarwa?

Ƙorafin da aka fi ji shi ne: an sauya, bayan mako biyu ya dawo. Nan take sai a ce kayan jabu ne. Wani lokaci gaskiya ne, amma ba kullum ba.

Akwai wani ɗan bawul da ake kira PCV, aikinsa fitar da hucin da ke taruwa a cikin inji. Idan ya toshe, ko zobban fistin suka cinye, matsi zai taru ya nemi hanyar fita, kuma ta wurin sil zai fita, sabo ne ko tsoho. Haka idan aka cika baƙin mai ya wuce alamar sama. Idan ƙura ta riga ta yi wa ƙarfen kwari, sabon sil zai zauna a kan tsohon rami ne. Idan kuma ƙarfen yana girgiza saboda boris ya mutu, babu robar da za ta iya bin sa.

Sai kuma aikin hannu. Sil ɗin da aka buga da guduma ya shiga a karkace, ko aka tura da sukundireba aka yanke masa leɓe, ko aka sa shi a bushe ba a shafa masa mai ba, ya mutu tun kafin a tayar da inji. Ɗaure noti da dukkan ƙarfi ma ba ya ƙara toshewa, murƙushe robar yake yi. Wajen juyen baƙin mai kuma, tsohuwar robar filta takan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta ba a lura ba. Roba biyu a wuri ɗaya na iya fashewa a kan hanya, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna, inji ya buga.

Gam ɗin gaskit yana da wurinsa, akwai mahaɗun da kamfanin mota da kansa ya ce shi za a sa. Matsalar ita ce mayar da shi maganin kowace cuta. Idan aka lafta shi da yawa, abin da ya matso waje ana ganinsa, wanda ya matso ciki kuwa yakan gutsure ya bi mai, ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. An tsayar da ɗigo, an hana inji mai. Zuba mai mai kauri fiye da wanda kamfani ya rubuta, domin a rage hayaƙi ko yoyo, shi ma ɓoye ciwo ne, robar da ta bushe tana nan a bushe.

Firjin da ke sanyaya ɗaki

A cikin gida, robar ƙofar firji ce ke cin kuɗi shiru. A cikinta akwai siririn maganaɗisu da ke jan ƙofa ta manne. Idan ta yage, ko ta ƙandare, ko datti ya taru a lungunanta, iska mai zafi za ta riƙa shiga. Alamun a bayyane suke: ƙanƙara tana taruwa a gefe ɗaya, raɓa a bakin ƙofa, injin firjin yana aiki ba hutu.

A inda wuta ke zuwa na 'yan sa'o'i, aikin firji ba sanyaya kaya kaɗai ba ne, har da riƙe sanyin har wutar ta dawo. Matar da ke sayar da ƙanƙara ko kunun aya, robar murfin firizarta ce ke yanke hukuncin ko kayanta za su kai gobe. Mai amfani da sola batirinsa ne ke biya, mai janareta fetur ɗinsa, wanda ke rukunin Band A kuma, da aka ƙara wa kuɗin wuta zuwa Naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, mitarsa ce ke gudu.

Gwajin mai sauƙi ne. A sa takarda ko takardar kuɗi a bakin ƙofa a rufe, a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, wurin ba ya kamawa. A zagaya dukkan kusurwoyi huɗu. Ko a kunna tocila a ajiye a ciki da dare, a rufe, a duba inda haske ke fitowa. Sau da yawa wanki da ruwan ɗumi da sabulu ya isa, robar da ta lanƙwashe kuma takan miƙe idan aka ɗumama ta da tsumma mai ruwan zafi. A duba ko ƙofar ta sunkuya saboda nauyin robobin ruwa da aka jera mata, ko firjin ya karkata gaba. Idan duk an yi bai kama ba, sai a sauya robar. Abin takaici shi ne yadda ake fara kiran mai ƙara gas tun kafin a yi wannan gwaji, alhali firji ma, kamar esi, ba ya shan gas sai in ya huje.

Sauran kayan gida duk haka suke. Injin wanki mai ƙofa a gaba, tsabar kuɗi da fil da aka manta a aljihu ne ke yaga robarsa, rufe shi a jiƙe kuma ke sa ta funfuna. Injin ban ruwa na masu noman rani, kunna shi babu ruwa a ciki na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya ƙone sil ɗinsa. Famfo mai ɗiga kuwa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara. Wato jarka mai lita 25 sama da 400. Duk wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san abin da wannan ke nufi.

Inda ba a jira: gas, fetur da birki

Ba kowane yoyo ne ke buƙatar a tsayar da komai ba. Danshin mai a gefen murfin inji zai iya jiran ƙarshen wata, in dai ana duba ma'aunin mai. Amma akwai uku da ba a yi musu haƙuri ko na yini ɗaya: man birki, fetur da gas ɗin girki. Ana iya ƙara musu da man da ke zuba a kan salansa mai zafi ko a kan bel ɗin taimin.

A bakin tukunyar gas akwai ɗan zoben roba da kan gas ke zama a kansa. Da yawan cirewa da mayarwa yakan cinye, ko ya faɗi a wurin ɗura. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya fice, kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu. Idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi domin hanci ya yi gargaɗi. Gidan da aka saba da jin wannan wari har aka daina damuwa da shi, an kashe mai gadi ke nan.

Gwajin gas da ruwan kumfar sabulu ake yi: a shafa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai nan ne yoyon. Ba a gwadawa da ashana. Idan an ji wari, a rufe tukunya, a buɗe taga da ƙofa, kada a taɓa makunnin wuta, ko kunnawa ko kashewa, a fitar da tukunyar fili. Leda da dutse ba sa maye gurbin zoben roba. Tiyon ruwa ma ba ya maye gurbin tiyon gas, kuma shi kansa na gas ɗin yana tsufa, masu ƙera shi da dama suna cewa kada ya wuce shekara biyar. Haka batun yake ga janareta da babur, inda ake yawan ganin farin tiyon ruwa a hanyar fetur, ya ƙandare ya tsage a kusa da inji mai zafi.

Darasin kumbon Challenger

Wanda ke ganin an cika zuzuta batun 'yar roba, ya tuna abin da ya faru a Amurka. A ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tashi daga jihar Florida, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse a sararin sama, mutum bakwai da ke ciki suka mutu, har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe. Kwamitin binciken da shugaban ƙasar ya kafa ya gano cewa zoben roba ne da ke mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin da ke cilla kumbon ya gaza. An yi tsananin sanyi a daren, robar ta ƙandare, ta kasa toshe iskar wuta. Masanin kimiyyar nan Richard Feynman, wanda ke cikin kwamitin, ya matse guntun robar ya tsoma a ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, ya nuna yadda ta kasa komawa yadda take.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin shi ne an sani. A tashin da aka yi a baya an sha ganin alamun ƙuna a jikin waɗannan robobi, amma da yake kumbon yana dawowa lafiya, sai aka saba. A daren jajiberin tashin wasu injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin sun yi gargaɗi a kan sanyin, aka bi ta kan maganarsu. Can sanyi ne ya kashe robar, a nan zafi ne ke kashe ta, amma tunanin iri ɗaya ne da na mai motar da ke tura wa tabon mai ƙasa: jiya ma haka aka tafi, ba abin da ya faru.

Uzurin talauci da iyakarsa

Za a ce magana ce ta mai hali. Direban da ke neman na cefane ba zai ajiye motarsa yini guda saboda ɗigon mai ba, kuma robar tana da arha amma kuɗin aikin kai wa gare ta ba shi da arha. Za a kuma ce ko an so yin daidai, kasuwa ta cika da jabu, mai saye a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba shi da hanyar gane irin robar da aka miƙo masa. Duk wannan gaskiya ne, kuma dabarar da ta kai mota gari daga tsakiyar daji ba abin zargi ba ce.

Inda uzurin ya ƙare shi ne lokacin da dabarar wucin gadi ta zama mazaunin dindindin. Wanda ke ƙara litar mai duk mako yana biyan kuɗin gyaran ne kashi-kashi, ba tare da an yi gyaran ba, kuma ranar da ya manta bai ƙara ba zai biya kuɗin inji. Marar hali ne ma ya fi buƙatar kula da roba, domin shi ne ba zai iya sayen wani injin ko wata firizar ba. Kuma mafi yawan gwaje-gwajen nan, kwali da takarda da ruwan sabulu, ba sa cin ko kwabo.

Nauyin kowa

Mai kaya ya kamata ya riƙa tambaya kafin a kwance: daga ina yake zubowa, kuma me ya sa? Ya nemi a nuna masa tsohuwar robar da aka cire. Idan za a sauke giyabos domin kuloci, ko a buɗe gaban inji domin bel ɗin taimin, a sauya sil ɗin da ke wurin a lokaci ɗaya, tunda kuɗin aikin an riga an biya.

Makanikai kuma, musamman iyayen gida da ke koyar da yara, su ne za su iya kashe al'adar wanke birki da fetur da lafta gam. Yaron da ya ga ubangidansa yana shafa wa sil mai kafin ya sa shi, yana tura shi daidai ba da guduma ba, haka zai yi har ya buɗe nasa garejin. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa a faɗin ƙasa, kuma irin wannan ilimi ne ya dace ta riƙa yaɗawa.

Masu sayar da kayan gyara su daina rataye robobi a rana a bakin shago, domin suna tsufa tun kafin a saye su, su kuma faɗa wa mai saye gaskiyar darajar abin da suka ba shi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sa ido a kan ƙananan kaya irin su robar birki da tiyon gas kamar yadda take yi a kan taya da wayar wuta, domin ƙanƙantarsu ba ta rage haɗarinsu ba. Masu ɗura gas kuma, su ne ke riƙe kowace tukunya a hannunsu duk bayan 'yan makonni. Duba zoben robar bakinta ba zai ɗauke su daƙiƙa goma ba. Ya kamata hukumar NMDPRA, wadda ke ba su lasisi, ta mayar da wannan dubawa wajibi, kada tukunya ta bar wurin ɗura tana huci.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A daren yau akwai kwalin da za a iya shimfiɗawa a ƙarƙashin mota, akwai takardar da za a iya sa wa a ƙofar firji, akwai ruwan sabulun da za a iya shafawa a bakin tukunyar gas. A fara da tukunyar gas.